Wayar Baba Ladan da Firintar Kyamis

Har gobe ban manta da wata Laraba da Oga ya kira ni ofis ba, ina shekarata ta biyu a kamfaninmu na gyaran kwamfuta. Ya ce, "Bilkisu, sau uku kina zuwa kyamis ɗin Alhaji Sani na Madabo. In firintar nan ta sake tsayawa, wani zan tura, ke kuma ki koma teburin amsa waya." Raina ya ɓaci ƙwarai, don da kyar na samu aka fara tura ni aikin waje.

Ƴar ƙaramar firintar rasit ce, wadda ba ta shan tawada, zafi ne ke fito da rubutu a takardar. A jikin rasit ɗin ne Alhaji yake buga wa mutane yadda za su sha magani. Kafin ta yi aiki sai an sa wa kwamfuta direba, wato manhajar da ke haɗa su, a kuma nuna masa ramin USB ɗin da aka soka kebul. Duk ranar da na saita ta sai ta buga tas, washegari kafin la'asar ta yi gum.

Ranar nan da na isa kyamis ɗin, ko sukundireba ban ciro ba. Na saita ta, na nemi benci na zauna, na zuba ido.

Ana idar da azahar sai ga Baba Ladan, mai kiran sallar masallacin unguwar. Ya yi sallama, ya miƙa hannu bayan kwamfuta kamar a ɗakinsa, ya zare kebul ɗin firinta ya soka cajar wayarsa. Kuma don kada ya yi ɓarna, bawan Allah, sai ya lalubi wani ramin ya mayar da kebul ɗin. Ashe shi ke nan! Direba yana ta aika saƙo tsohon rami, firinta tana can wani.

Na ce, "Alhaji, kullum haka ake yi?"

Ya ce, "To ƴata, mu kaɗai ke da wutar sola a layin nan. Mutumin da ya yi wa ƴaƴana huɗuba zan hana caji?"

Ban ce ya hana ba. Na goge tarkacen direbobin da suka taru, na sa sabo, na shiga saitinsa na haɗa masa dukkan ramukan, ta yadda duk inda aka soka zai gane. Sannan na ce, "Baba, don Allah a sauya mata rami son rai." Ya gwada uku, kowanne sai ga takarda ta fito shar. Ya riƙe haɓa ya ce, "Kai, wannan ƴa akwai kai!"

Wallahi a adaidaita sahu ni kaɗai nake ta murmushi. Bayan mako biyu Alhaji ya kira Oga da kansa, ya ce in ba Bilkisu ba, kada a turo masa kowa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga aikin nan: in na'ura ta ƙi a cikin gari, kada ku yi saurin zagin direba. Ku zauna ku ga wa yake shigowa shagon, don maƙwabci ba ya cikin littafin kamfani, kuma babu mai korar sa saboda firinta.