Zoben da ya zame wa Hajiya

Shekara shida na yi ina tsayuwa a ƙofar mata ta wani gidan biki a Tarauni, lokacin da ba a shiga taro sai an caje mutum. Aikina in shafa wa kowace mace wata na'ura mai kama da muciya, wadda ke kuka da zarar ta kusanci ƙarfe. Da aka daina caje, mai gidan bikin ya ce in tafi da ita. Na kawo ta gida Gyaɗi-Gyaɗi na jefa a durowa.

Maƙwabciyata ce ta tuna mini da ita. Zoben baikon 'yarta ya faɗa cikin yashin gini da aka jibge a tsakar gidansu, an yi ta tankaɗe da rariya har an gaji. Na sa sabon batir, na riƙa baza yashin kaɗan-kaɗan, kafin la'asar zobe ya koma hannun mai shi. Daga nan labari ya bazu. Ko da akwai namiji mai irin na'urar, ba za a kai shi ɗakin matar aure ba, ni kuwa sallama kawai zan yi in shige har ƙurya.

Na'urar ba ta ji daga nesa, kuma ba ta bambance zinare da ƙusa. Marfin lemo, rodin da ke cikin siminti, duk kuka take musu. Shi ya sa ba na kunna ta sai na gama tambaya.

Wata Asabar wata malamar makaranta ta zo da adaidaita sahu ta ɗauke ni zuwa Unguwar Gano. A hanya ta ce mahaifiyarsu ta tashi daga doguwar jinya ta rame, zoben da marigayi mahaifinsu ya sa mata a lefe ya zame daga yatsanta, yau kwana tara. Sun ɗaga katifa, sun kwashe kwata, babu. Tsohuwa har ta rage cin abinci. Sai ta sassauta murya ta ce sun riga sun yi magana da maƙeri ya ƙera irinsa, in ban samu ba sai in ce a ƙarƙashin gado na tsinto. Na ce mata wannan kam ba da ni ba. Matar da ta shekara arba'in da zobe a hannu, ko ido a rufe ta san nata.

Na tarar da Hajiya zaune a kan darduma, na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi na'urar ta dube ni.

"'Yar nan, wannan abin da ake shafa mana a ƙofa shi zai nemo mini?"

"Ke za ki nemo, Hajiya. Ba ni labarin ranar tun daga asuba."

Malamar ta yi caraf ta ce ai ba abin da ta yi, kwance ta wuni. Na roƙe ta ta bar mu tukuna. Hajiya ta faɗi alwala, ta faɗi kunu, ta faɗi fitowa shan hantsi, sannan ta koma murza carbi. Ban katse ta ba. Can ta ce matashin kanta ne ya kwanta yana sa mata ciwon wuya, da gida ya watse sai ta farke shi, ta ƙara masa audugar rimi, ta ɗinke. Ba ta faɗa wa kowa ba, don an hana ta kowane aiki, ta san faɗa za su yi mata.

Na ɗauki matashin na fita da shi tsakar gida, nesa da ƙarfen gado, na riƙe shi sama. Gefe ɗaya shiru. Na juya, na danne audugar, ina kaiwa kusurwa na'ura ta yi kuka. Na lalube rigar matashin, ba zif, ba fil. Na sake gwadawa, kuka a wuri ɗaya. A nan na tabbata.

Ban sa hannuna ba. Na koma ɗaki na ajiye shi a cinyar Hajiya, na ce a ba ta reza. Ta farke ɗinkin da kanta, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta daɗe tana lalube, sai na ga ta tsaya cak. Ta fito da shi auduga ta manne masa, ta hure, ta goge da gefen mayafi, ta ce Alhamdulillahi sau uku a hankali. Malamar ta fice da waya a hannu tana share ido, na ji tana gaya wa maƙeri ya bar aikin.

Da Hajiya ta sa zoben har yanzu yawo yake a yatsa. Na karɓi zare na naɗe bayansa har ya kama. Ta ce a kawo tuwo da miyar kuka, kuma ta rantse ba zan tafi ba sai mun ci kwano ɗaya. Muna gamawa ta nemi allura. Malamar ta buɗe baki za ta hana, Hajiya ta zare zoben ta miƙa mata ta ce ta riƙe, ita za ta ƙarasa ɗinkinta.