Faifan Kano

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, ba na jin zai taɓa abin da ya faru a gidanmu a Gazawa shekarar da ƙasarmu ta samu ƴancin kai. Lokacin ina da aure har da goyo, amma kullum ina gidanmu, saboda ciwon baya ya kwantar da Inna. Ko jaki ba ta iya hawa, balle babbar motar gyaɗa mai jijjiga.

Yayana direban wani Bature ne mai sayen gyaɗa. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa wata ƴar jar mota gajera mai kujera biyu, irin wadda aka ƙera don gudu kawai. Na sha yi masa tsiya, ina cewa an ba shi motar da ko buhun gero ɗaya ba ta ɗauka. Inna ce ta fara ganin amfaninta, don kujerarta na da laushi. Tana da ƙanwa a Cadakori, ita kaɗai ta rage mata a ɗakinsu, sun yi shekaru ba su ga juna ba, ita ma ƙafa ta zaunar da ita.

"In ka kai ni na ga ƴar'uwata, ka gama mani komi," in ji Inna.

Yaya ya yi alkawari. Sai dai motar da ciwonta ta zo. Faifan ambirayaji, wanda mutanen Kano ke ce wa kuloci, ya cinye, inji na kuka amma mota ba ta motsi. Yaya ya ɗauko wani bakanike daga Maraɗi, bakaniken ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya ce hanya biyu ce. Ko a aika ƙasar Turawa a kawo faifan kamfanin da ya ƙera motar, wanda sai ya biyo jirgin ruwa, ba zai iso ba sai bayan damina. Ko kuma a sa wanda ya taho da shi, na wani kamfani daban, da ake samu a Kano. Ya ce zai zauna daidai, sai dai yana fizga wajen tashi, kuma ba zai rantse a kan ƙarkonsa ba.

Yaya ya juya faifan a hannu, ya girgiza kai. "Ba ni ɗora tsohuwata bisa abin da mai shi ma bai rantse ba. In ya ƙone muna cikin rairayi tsakiyar daji hwa? Mu jira na ainihi."

Na ce, "Yaya, tsofaffi ne fa." Ya ce ai don tsofaffi ne ya ƙi. Har gobe ba na ce girman kai ne ya sa shi ba. Tsoro ne, irin na mai son uwarsa. Bakaniken ya bar masa faifan ko zai sake shawara, aka rataye shi a zaure, aka lulluɓe mota da tabarmi.

Damina ta sauka, gero ya yi kai. Inna ta sa aka daka mata daddawa da kuka, ta ƙulle a tsumma, tsarabar ƙanwarta. Duk jirgin sama ko babbar motar da ta ji ƙararta sai ta tambaya ko ƙarfen ne ya iso. Tun muna dariya har muka daina.

Ana cikin yankan gero wani mahayin doki ya yi sallama da hantsi. Ƙanwar Inna ta rasu, har an rufe ta. Ya ce kafin ta cika ta yi ta sa a duba mata hanya, don an gaya mata yayarta na tafe a jar mota.

Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dai ce a kai ta ta'aziyya. Yaya ya sauko da faifan nan daga zaure, ya aika aka kira bakanike, yini guda suka gama. Washegari muka kama hanya, ni na takure a lungun bayan kujeru ina tallafe da kafaɗun Inna. Motar ta yi fizgar da aka ce, sau ɗaya, a ƙofar gida. Daga nan muka wuce Agiye, muka wuce Maraɗi, muka ratsa rairayin da Yaya ke tsoro, motar ko tari ba ta yi ba.

Da muka tsaya a ƙofar gidan makoki, Inna ta shafa ƙarfen motar da tafin hannunta, ta ce a hankali, "Ashe tana iya zuwa."

Ba faɗa ta yi ba, ba ta ma dubi Yaya ba. Amma na ga ƙaton namiji ya kifa kansa a sitiyari yana kuka kamar yaro, ni ma zuciyata ta karye, na kasa fitowa.

Tun daga ranar na san abu mai kyau yana da daraja, amma ba ya fin lokaci. In tsoho ya ce yana son ganin ɗan'uwansa, ka kai shi da abin da ke hannunka yau, domin ƙarfe yana jira, mutum ba ya jira.