Malam Isiya, Wanda Ya Ɗora Hannuna Kan Garma

Ina bakin rijiya da hantsi maƙwabciyata ta zo tana salati, ta ce Malam Isiya malamin gona ya rasu bayan 'yar gajeruwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe tsaye da guga a hannu. Baƙin ciki ya zo, tsoro kuma ya biyo bayansa, domin gonar marayuna da bakin mutumin nan take tsaye a hannuna.

Ma'aikacin gona ne da aka turo Batsari, yana zagaya Wagini da Karare a kan wani tsohon babur da ake jin ƙararsa tun kafin a hango shi. Wata shekara aka tura shi kwas ɗin noman shinkafa a ƙasar Biyetnam. Wasu in sun je waje agogo da turare suke dawowa da su. Shi kuwa malafa ya kawo mai tsini, sai labari da ba ya ƙarewa. Ya ce ya ga mata cikin taɓo har gwiwa suna bin ɓauna da garma, kuma wadda ta koyar da su ma mace ce, maza na zaune suna saurare. Ita ta gaya masa cewa lokacin yaƙi iyayensu mata ne suka riƙe gonaki, har yau kuma suna fafutukar a san da su a mallakar ƙasa. Bai taɓa cewa can aljanna ce ba. Cewa yake su ma da sauran aiki a gabansu, amma dai sun fara. Mutanen majalisa suka laƙaba masa Na-Biyetnam, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Ni ma dariya nake yi wa labarin, sai da 'yan bindiga suka kashe maigidana a hanyar Runka, ya bar ni da yara ƙanana. Da na fita takaba, yayansa, Yaya Sule, ya ce zai karɓi gonar ya haɗa da tasa, tunda mace ba ta huɗa. Ba mugu ba ne, amma na san gonar da ta shiga gandu ba ta cika fitowa ba. Na kai kuka wurin Malam. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mi ya hana ki huɗe abinki? Ƙasa ba ta tambayar hannun wa ya taɓa ta."

Ya je ya sami Yaya Sule, ya zauna ƙasa kamar ƙane, ya roƙa a bar mini gonar, shi ya tsaya mini. Yaya Sule ya amince. Bai taɓa zuwa koya mini shi kaɗai ba. Kullum da uwargidansa Hajiya Rabi yake zuwa, don kada a sami abin faɗa, ita ce ma ta fara riƙe garmar ina kallo. Ya aro shanu, ya nuna mini yadda ake ɗaura karkiya da yadda ake yi wa bijimi magana ba tare da duka ba. Kunyar da na fara ja ta fito a karkace kamar sawun maciji. Na zauna na fashe da kuka, shi kuwa ya ce in tashi, gyaɗa ba ruwanta da karkata, ruwa da taki take so.

Maganar gari ta fi garmar nauyi. Aka ce matar marigayi ta zubar da mutunci, ba ta da kunya. Ranar da aka faɗi haka a gaban Malam a majalisa, sai ya yi murmushi ya ce, "Ku je gonarta ku duba. Tun daga bakin hanya har gindin tsamiya duk kunya ce, ta ma fi ta wasunku miƙewa." Aka yi dariya. Haka yake, ba ya faɗa da kowa, amma ba a cin zarafin mace yana zaune.

Yakan ce ba don a ƙure maza yake wannan ba. Gidan da hannu ɗaya ke ciyarwa, in hannun ya karye yunwa ce ta shigo, mu kuma a yankin nan mun ga hannaye da yawa sun karye.

Ranar jana'izarsa maza suka tafi maƙabarta, mu mata muka zauna da Hajiya Rabi. Da na dawo gida na tarar da Yaya Sule a zaure. Na ce a raina shi ke nan, mai tsaya mini ya tafi, ga damina ta kama. Muka gaisa, muka yi wa juna gaisuwar rashi. Sannan ya ambaci 'yarsa Zainabu, wadda ta dawo gabansa da goyo bayan an kashe mijinta.

"In kin gama huɗar gonarki," in ji shi, "ki ɗauke ta ki koya mata. Ni ƙarfina ya fara ƙarewa."

Na amsa da to, na shige ɗaki na yi kukan da ban yi ba a gidan makoki, domin wanda ya fi kowa cancantar jin wannan magana yana kwance a kabari.

Allah Ya jiƙan Malam Isiya, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya sa kowane kwanon tuwo da marayu suka ci ta dalilinsa ya zame masa sadaka mai gudana. Hajiya Rabi da 'ya'yansa, Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu kamar yadda mahaifinsu ya tsaya wa namu. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.