Gammon Maman Seember

Ngunan, wadda kowa ke kira Maman Seember, ta tashi ne a gonar doya kusa da Shabu, ta yi aure a can, ta tsufa tana kai doya kasuwar Lafia. Mata sun yarda da ita domin ba ta taɓa ɓoye ruɓaɓɓiya a ƙasan ƙwarya ba, shi ya sa suka naɗa ta shugabar ƙungiyarsu. Tun tana yarinya kakarta ke ba ta labarin zamanin da ake ciniki da zanen saƙi, kafin Turawa su kawo kwabo, tana gargaɗinta cewa duk gyaran da manya suka zo da shi, a kan mace mai kaya yake sauka.

Da zaɓen shugaban ƙasa ya gabato, wakilan wani ɗan takara suka kawo mata atamfa mai hotonsa, suka ce zai gyara tattalin arziki, taki ya yi araha, mota ta riƙa shiga har bakin gona. Ngunan ta gaskata. Ta bi gida gida tana rabon zane, ta shiga har rugar Usaina, ƙawarta mai tallan nono, ta rantse mata da sunan 'ya'yanta. Ranar zaɓe duk suka fita da anko.

Ɗan takarar ya ci zaɓe, gyaran ya zo, amma kuɗin mota ya fi ƙarfinsu. Matan da a da ke ɗaukar shatar a-kori-kura suka koma dakon doya a ka zuwa bakin titi. Babu wadda ta zargi Ngunan, kuma shirun nasu ya fi yi mata nauyi. Ta daina ɗaura zanen, amma ta kasa yar da shi, don yadi ne mai kyau. Sai ta juya shi bai-bai, ta naɗe shi gammo.

Ranar da ƙungiya za ta sabunta shugabanci, ta sauke kaya a gindin mangwaron da suke taro, gammon ya faɗi ya warware. Fuskar ɗan takara ta bayyana, gumi ya cinye rabin murmushinsa.

Usaina ta ɗauka ta karkaɗe. "Maman Seember, ashe ya cika alkawari. Kin ce zai ɗauke mana kaya, ga shi kullum yana ƙarƙashin doyarki."

Mata suka yi dariya, wasu har da hawaye.

"Ba ni abina, ƙawata," in ji Ngunan, idonta a ƙasa.

"Kada ki damu, nawa ma da shi nake rufe ƙwaryar nono. Ƙuda na tsoronsa."

Aka zauna. Wata ta ce a bar wa Maman Seember kujerarta, tun da wakilan 'yan takara sun fara yawo kuma, ita suka sani. Hannuwa suka tashi, har da na Usaina. Ngunan ta dubi wuyansu, ta ga yadda dako ya sauya tsayuwar kowace. Ta ce ta gode, amma a ba wadda bakinta bai shiga gidajensu da rantsuwa ba.

Suka roƙe ta, ta ƙi. Ta sake naɗe gammon, wannan karon ba ta juya shi ba, ta ce Usaina ta taya ta ɗora kaya.