Gurbin da Inna Ta Bar wa Rana

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Inna Hurera, yayar mahaifiyata, amma har yau hannunta na nan a bangon ɗakinta a Ketare. Shi kaɗai ya rage. Sauran ɗakunan da ta zana daga Yargoje har Daudawa duk siminti ya cinye su.

Kayan aikinta ba su da yawa: farar ƙasar Kankara, jar ƙasa, baƙin gindin tukunya, sai tsumma da gashin kaza. In ta ja layi ɗaya, sai ta koma bakin ƙofa ta tsaya kallo kamar mai jiran amsa. Ba ta taɓa ɗora ja a dama ba tare da ta ba hagu abin da zai riƙe shi ba.

Ni sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar da malamarmu ta zo kan zane, ta ce akwai layi, akwai launi da siffa, akwai daidaito, akwai kuma filin da ake bari, wallahi sai na tuna Inna. Ashe abin da idona ya sha tun ƙuruciya yana da suna!

Da Inna za ta leƙo yau ta ga bangunanmu, kore kan shuɗi, shuɗi kan ruwan hoda, ba masakar tsinke, na san abin da za ta ce: "Kowa na magana, wa ke saurare?"

Bara jikanta Sanusi, mai fenti a Faskari, ya zo da gwangwani da buroshi. A tsakiyar zanen ɗakin Inna akwai gurbi fari fat, faɗin tabarmar salla, kewaye da zane. Shi a ganinsa ajali ne ya katse aikin.

"Gwaggo, tsohuwa ta gudu ba ta ƙarasa ba. Bari in rufa mata asiri."

Na ce, "Kai, ajiye abin nan! Garin neman gira za ka rasa ido. Ka kwana nan, gobe da hantsi ka zo ɗakin."

Ya zo yana dariya. Na buɗe ƙofa. Hasken rana ya shigo, ya bi daɓe, ya hau bango, ya zauna cikin gurbin nan daidai. Jan ya kama kamar garwashi, layukan da ke gefe duk suka juyo suna nuna shi. Ikon Allah. Matar nan ta auna rana da ido, ta bar mata wurin zama.

Can Sanusi ya rufe gwangwaninsa, ya tambaye ni inda ake haƙo farar ƙasa.

Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Ta bar ɗaki ɗaya da rana ke zuwa ƙarasa mata aiki kowace safiya. Allah Ya haskaka kabarinki, Inna.