Da Hotunan Italiya Zuwa Gaba da Takanamat

Ana sallame sallar asuba muka bar Tahoua, ni da direba da wani abokin aiki da ya fara gyangyaɗi tun ba mu fita gari ba. Ban so tafiyar nan ba ko kaɗan. Shekaruna sun wuce na hawa motar ofis, wadda duk ramin da ta faɗa sai ta isar maka da saƙonsa har ƙashin baya. To amma aikina ke nan, ni ke zagaya malaman tarihi na kwalejojin karkara, kuma direktan wata makaranta da ke gaba da Takanamat ya yi ta kirana har uzuri ya ƙare mini.

Ga abin da ya faru. A manhajar tarihi akwai darasi kan zamanin Renesans, lokacin da masu zane da sassaƙa na ƙasar Italiya suka dage wajen zana mutum kamar zai yi magana. Malamin ajin, wani saurayi da aka turo daga Maradi, ba shi da littafi mai hotuna. Sai ya buɗe wayarsa yana nuna wa yara, yatsa ya zarce, sai ga gunkin wani ƙato na farin dutse, ko ɗan kamfai babu. Kafin la'asar labari ya gama gari. Iyaye suka ce ko a ɗauke shi, ko su janye ƴaƴansu. Ni kuwa na sani, in ya tafi babu mai zuwa madadinsa, ajin zai ƙare shekara babu malamin tarihi. Shi ya sa na buga manyan hotuna, na zaɓi waɗanda kowa ya sha tufa har wuya, na naɗe su kamar tabarma.

Hanyar ba ta canza hali ba. Bazara ce, gonaki fayau, sai duwatsun Adar baƙi ƙirin suna mayar wa mutum da zafi a fuska. A kowace rijiya ka ga makiyaya da jakai suna jan igiya, dabbobi sun yi cirko-cirko suna jira. A wani shinge jami'in tsaro ya sa na warware hotunan, ya ƙare musu kallo, ya tambaye ni ko dangin matata ne. Ya kuma gargaɗe mu kada yamma ta same mu a daji. A Takanamat muka sha fura, na taya cuku, busasshen wainar nono, wajen wata Buzuwa, kuɗin da ta faɗa ya sa na mayar mata da abinta cikin ladabi.

Mun iske ajin rumfar zana ce. Na roƙi dattawan gari su zauna a baya su ga darasin da idonsu, suka yarda da ƙyar. Shugabansu wani tsoho ne dogo mai sanda, wanda ko gaisuwata da kai kawai ya amsa. Malamin kuwa duk ya rame. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don da ya iya riƙe yatsansa da ina gida.

Ya fara da hoton wani dandali, yana nuna yadda gine-gine ke ƙanƙancewa in sun yi nisa. Yara suka gane, dattawa ko tari. Ya ɗaga hoton wani attajiri, wani daga cikin dattawan ya ce su ba su ga abin da wannan zai ƙara wa gero ba. Zufa na bin bayana, ni dai na riga na sallama, ina tunanin inda za a kai yaron nan.

Hoton ƙarshe na wani tsoho ne cikin jar riga, hancinsa duk ƙuraje, ga ƙaramin yaro ya ɗora hannu a ƙirjinsa yana kallonsa. Ajin ya fashe da dariya. Wata yarinya ta tambaya me ya hana mai zanen gyara hancin, tunda ko masu hoto na Tahoua suna goge wa mutum tabo. Malamin ya ce ai jikan da wannan hanci ya san kakansa, in an gyara ya zama wani. Ya ƙara da cewa masana na zaton bayan rasuwar tsohon aka yi zanen.

Sai dattijon nan mai sanda ya miƙe, ya ratso tsakanin yara, ya tsaya gaban hoton har na fara jin tsoron zai yage shi.

"Mushe," ya ce wa malamin, yadda suke kiran malaman boko da aron Faransanci, "ka ce bayan ya rasu anka yi shi?"

"Haka ake zato, Baba."

Dattijon ya ƙara matsawa kusa da hoton. Sannan ya ce, "Ni ubana ya rasu shekarar yunwa, ina kamar wanga yaro. Muryatai nika tunawa. Huska ta ɓace mini tuni." Ya juya wajena. "Wanga ku bar shi ga bango. Sauran ku naɗe abinku. Na cikin waya kuwa, kada mu koma jin labarinai."

Ba kowa ya bi shi ba. Wani ya kakkaɓe riga ya ce hoto dai hoto ne, ya kira ƴaƴansa mata biyu suka bi shi, kuma har muka taso ba su dawo ba. Wannan ya tsaya mini a rai. Sauran dattawan suka ce malami ya zauna. Da na je yi masa sallama na same shi a bayan rumfa yana share ido da hannun riga, sai na yi kamar wayata nake dubawa.

A dawowa taya ta fashe, muka canza ta cikin rana tsaka, muka shigo Tahoua ana kiran magariba, ƙafafuna sun kumbura. Na tafi da hujjoji cike da baki, na manhaja da na jarrabawa, ko ɗaya ban yi amfani da ita ba. Abin da na koya shi ne, mutum ba ya karɓar abin nesa sai ya ga nasa a ciki, kuma ba kai za ka zaɓa masa inda zai gani ba. Washegari direktan ya kira ni. Ya ce yara sun cika aji, ban da biyun nan. Dattijon mai sanda kuma ya dawo tun kafin a buga ƙararrawa, riƙe da hannun jikansa, ya ce a buɗe musu rumfar su ga hoton.