Ƙuri'ar Baba Barmo

Baba Barmo tela ne a unguwar University Heights da ke Bronx, shagonsa na ƙasan benen gidanmu. Mutumin Gusau ne, shekararsa ashirin da uku a Bronx yana rage tsawon wandunan mutane. Duk wanda ya zauna a shagonsa ya ji labarin 1979, lokacin da talaka ya fara zaɓen sanata da hannunsa a Najeriya. Ya ce tun da asuba ya hau layi, kuma kwana biyu yana kaffa-kaffa da tawadar da ke babban yatsansa.

A 2012 ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ga zaɓen sanata a watan Nuwamba. Turancinsa na ciniki ne, don haka ya ba ni fom ɗin rajista in cike in aika, tunda ni ce 'yar jami'a. A ɗaki na lura bai sa hannu ba. Sau uku ina saukowa da fom ɗin, sau uku ina tarar da shagon cike da dattawa abokan babana. A gidanmu yarinya ba ta ratsa majalisar manya ta ce wa dattijo ya yi mantuwa. Sai in gaishe su in wuce. Fom ɗin na cikin littafina har ranar rufe rajista ta wuce.

Ran zaɓe ya saka farar babbar riga, ya ce in raka shi. A rumfar zaɓe aka duba, babu sunansa. Ma'aikaciyar zaɓen ta ba shi wata ƙuri'a ta daban, wadda ake rufewa a ambulan sai an bincika. Ya cike ta a hankali, ya fito yana tsokanar Moro mai aski cewa shi yanzu da shi ake damawa a Washington.

Bayan wasu makonni wasiƙa ta zo daga ofishin zaɓe. Ya tare ni a bakin shago.

"Hamdatu, 'yata, me mutanen nan suke cewa?"

Layi na biyu ya ce ba a ƙirga ƙuri'arsa ba, domin ba shi da rajista. Dattawa suka zuba mini ido suna jirana.

"Godiya suke yi, Baba."

Ya sa aka yi wa wasiƙar gilashi, ya rataye ta saman keken ɗinkinsa. Jikokinsa duk suna karanta Turanci, kuma har ya rasu babu wanda ya ce masa komai.